Me ke riƙe ruwa a cikin kofin da aka kife? Fashin baƙi kan matsin iska

Me ke hana ruwa zubewa idan aka cika kofi, aka rufe bakinsa da guntun kwali, aka kife shi, sannan aka janye hannu? Wannan tambaya ta yi kwanaki tana yawo a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maraɗi, tun da wani ɗan gajeren bidiyo ya shigo wayoyin mutane ta WhatsApp. Gardama ta yi tsawo har ɗan yayana, wanda ke aji uku a kwaleji, ya yanko gefen kwalin shayi ya yi abin a gabanmu. Ruwa ya tsaya cak a sama, kwali a ƙasa, babu mai riƙe da shi.

Nan take fada ta rabu uku. Wasu suka ce dabo ne irin na masu rufa-ido a kasuwa. Wasu suka ce kwalin ne ya jiƙe ya manne da bakin kofi. Wani dattijo mai lambu a gulbi ya ce, "Kai ɗana, ai ruwan ne ya tsotse kwalin, kamar yadda injina ke tsotso ruwa daga rijiya." Yaron ya amsa da ladabi, "Baba, mushenmu na makaranta ya ce iska ce ke tura shi sama." Aka yi dariya, don a lokacin ko ganyen bishiya ba ya motsi.

Yaron ne ke da gaskiya. Kuma maganar dattijon ta fi damuna fiye da ta masu cewa dabo ne, domin wannan kuskure na "tsotsa" yana cin kuɗin masu lambu kowane rani.

Yadda ake gwajin

A samu kofi mai baki sumul, wanda bai karye ba, da guntun kwali mai ƙwari da ya ɗara bakin kofin faɗi. Bangon littafin makaranta ma yana yi. A cika kofin da ruwa har baki, a ɗora kwalin, a danne shi da tafin hannu, a kife da sauri ba tare da karkatarwa ba, sannan a janye hannu a hankali. A yi shi bisa daro ko a tsakar gida, saboda kwali idan ya daɗe yana jiƙa zai yi laushi ya saki.

Iska tana nan ko da ba ta kaɗawa

Tushen ruɗanin yana cikin harshenmu. Kalma ɗaya muke amfani da ita wajen abin da ke kaɗa ganye, da abin da muke shaƙa, da kuma iskokin da ba a gani. Shi ya sa Bahaushe zai ce "yau babu iska" alhali yana numfashi. Iskar da ake magana a nan ita ce wadda ta cika ɗaki da rijiya da kofin da muke ce wa "babu komai a ciki". Mai shakka ya kife kofi marar ruwa ya danna shi cikin bokiti cike da ruwa. Ruwan ba zai shiga ba, don wani abu ya riga shi zama. Idan ya karkata kofin zai ga wannan abin yana fita ɓul-ɓul.

Iskar nan tana da nauyi. Akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, iskar da ke cikinsa ta ɗan haura kilo 1. Ɗaki mai mita 4 a kowane gefe da tsayin mita 3 yana ɗauke da iskar da ta fi kilo 50, wato fiye da buhun siminti. To, a kanmu akwai iska mai kaurin kilomitoci masu yawa, ta sama tana danne ta ƙasa, mu kuma muna can ƙarƙashi. Wannan danniya ita ake kira matsin iska.

A bakin teku, matsin ya kai kimanin kilo 1 a kan kowane fili mai girman farcen ɗan yatsa, wato santimita 1 tsawo da santimita 1 faɗi. Masu hasashen yanayi suna rubuta shi 1013 da ma'aunin da ake kira hektofaskal. Maraɗi tana sama da teku da fiye da mita 300, don haka iskar da ke kanmu ta ɗan ragu, matsinmu ya gaza na bakin teku da kusan kashi 4 cikin 100.

Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne, matsin ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Wanda ya taɓa nutso a tafkin Madarunfa ya san ruwa yana matsar mutum ta kowane ɓangare, ta kai da ciki da ƙarƙashin haɓa. Haka iska take. Tana tura rufin ɗaki daga sama, tana tura shi daga ƙasa. Tana tura tafin hannunka da nauyin da ya kai kilo 100, tana tura bayansa da irin wannan nauyi, shi ya sa hannun ba ya jin komai. Jikinmu kuma cike yake da ruwa da iska masu mayar da turi daidai wa daida. Sai matsin waje ya canza da sauri ake jin sa, kamar yadda alhazai ke jin kunnuwansu sun toshe lokacin da jirgi ke saukowa Jidda.

Lissafin bakin kofi

Kofi mai faɗin baki santimita 7 yana da fili kusan santimita 38 na murabba'i. Ke nan iskar da ke ƙarƙashin kwalin tana iya tallafar nauyin da ya kusa kilo 38. Ruwan da ke cikin kofin kuwa rubu'in kilo ne. Rikicin ƙato ne da jariri.

Mai lura zai tambaya: to me ya hana kwalin lotsawa cikin kofin, tunda turin ya yi wannan yawa? Amsar ita ce ruwa ba ya matsuwa. Iska ta tura kwali, kwali ya tura ruwa, ruwa ya tura gindin kofi, kofi kuma yana hannunka, ita ma iskar waje tana danne gindinsa daga sama. Komai ya tsaya daidai. Ruwan ba zai iya saukowa ba sai in wani abu ya shiga ya maye gurbinsa a sama, kuma ƙofar shiga a rufe take.

Masu cewa mannewa ce

Waɗannan ba su ɓata gaba ɗaya ba. Ruwa yana da wata 'yar fata a samansa saboda ƙwayoyinsa suna riƙe juna, ita ce ke ba ƙananan ƙwari damar tafiya bisa tafki. Wannan fata tana liƙe 'yar kafar da ke tsakanin kwali da bakin kofi, ta hana iska saɗaɗawa ciki. Aikinta na mai gadin ƙofa ne. Ba ita ke ɗauke da kayan ba.

Akwai gwajin da ke raba gardama, kuma shi na fi so a nuna wa yara. A samu kofin roba, a huda gindinsa da ƙusa. A toshe hudar da yatsa, a cika ruwa, a ɗora kwali, a kife. Ruwa zai tsaya. Yanzu a ɗaga yatsan. Nan take kwali da ruwa za su faɗo. Kwalin yana nan a jiƙe yadda yake, bakin kofin bai canza ba, abu ɗaya ne ya sauya: iska ta samu hanyar shiga ta sama, ta tura ruwan daga can da irin ƙarfin da take tura shi daga ƙasa, sai nauyin ruwan ya yi rinjaye. Da mannewa ce ke riƙe da shi, huda a gindin kofi ba za ta taɓa shi ba.

Wani malamin makaranta a fadar ya kawo tambaya mafi wuya. Ya ce idan aka zuba ruwa rabi kawai, ai akwai iska a cikin kofin, mai matsi daidai da na waje, me ya sa har yanzu gwajin ke yi? Tambaya ce ta mai tunani, kuma da yawa daga masu nuna gwajin ba sa iya amsa ta. Idan aka kife kofin, kwalin yakan ɗan lanƙwaso ƙasa, ko 'yan ɗigo su tsere ta gefe. Wannan ya ƙara wa iskar da ke ciki wuri, iska kuwa idan ta samu ƙarin wuri matsinta yana raguwa. Ragin da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Ruwa mai tsayin santimita 10 yana da matsin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na matsin iska ba, don haka idan iskar ciki ta buɗe da kashi 1 cikin 100, zance ya ƙare. Ido ba ya ganin wannan motsi, amma ya isa.

Abubuwan da muke yi kullum ba mu sa musu suna ba

Duk mai shayi ya san gwangwanin madara huda biyu ake yi masa, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Bidon ruwa idan aka kife shi yana zuba yana tsayawa yana gurnani, saboda ruwa da iska suna rigimar ƙofa ɗaya. Mazubin ruwan kaji, wanda ake kife wa bisa faranti, ba ya sakin ruwa sai kaji sun sha bakinsa ya buɗe iska ta shiga.

Mafi kyawun misali yana hannun wanzamai. Wanzami yana kafa ƙaho a bayan mutum, ya zuƙe iskar da ke ciki ta ƙaramar hudar sama, ya toshe ta. Ƙahon ya kama, fata ta kumburo ciki. Ba ƙahon ke jan fata ba. Matsin ciki ne ya ragu, sai iskar waje ta danne ƙahon a jiki, jiki kuma ya turo fata da jini zuwa inda turi ya yi sauƙi. Da zai cire, hudar yake buɗewa, daidai da ɗaga yatsa daga gindin kofin roba. Kakanninmu sun san aikin tun kafin a rubuta lissafinsa.

Akwai wani gwajin da ake yawan yi wa gurguwar fassara. A kunna kyandir a faranti mai ruwa, a kife kwalba a kai, wuta ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Ana cewa wai wutar ta cinye iskar shaƙa ne ruwa ya maye gurbinta. Babban dalilin shi ne zafi: wuta ta ɗumama iskar ta buɗe, wata ta tsere ta ƙarƙashin baki, da wutar ta mutu sauran ta huce ta tsuke, sai iskar waje ta tura ruwan faranti ciki. Mai lura zai ga ruwan ya fi hawa bayan mutuwar wutar.

Rijiyoyin Italiya da mita 10

Wannan ilimi a bakin rijiya aka samo shi. Kusan shekara 400 da suka wuce, masu haɗa famfo a Italiya sun lura cewa famfon da ke zuƙo ruwa daga sama ba ya iya ɗaga shi fiye da kimanin mita 10, komai kyawun ƙirarsa. Malaman zamanin suna koyar da cewa halitta ba ta yarda a bar wuri wofi, don haka ruwa ke bin iskar da aka zuƙe. Amma me ya sa wannan ƙa'ida za ta gaji a mita 10? Shahararren masanin Italiya Galileo ya rubuta a kan matsalar a littafinsa na 1638, bai kai ga amsar ba.

Almajirinsa Toriceli ne ya warware ta a wajen 1643 zuwa 1644. Ya ce babu abin da ke jan ruwan daga sama, iska ce ke danne ruwan rijiya ta tura shi cikin bututu, kuma ƙarfinta yana da iyaka. Idan haka ne, abu mai nauyi fiye da ruwa ba zai hau sosai ba. Aka gwada da zaiba, ƙarfen nan mai malala kamar ruwa, wadda ta ninka ruwa nauyi sau 13.6. Aka cika bututun gilashi mai toshe a kai ɗaya, aka kife shi cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauko ta tsaya a santimita 76, ta bar wofi a samanta. Idan ka ninka 76 sau 13.6 za ka samu mita 10 da santimita 30 da ɗoriya, wato iyakar da masu famfo suka daɗe suna karo da ita. Wannan bututu shi ne ma'aunin matsin iska na farko. A wasiƙar da ya rubuta a 1644, Toriceli ya kwatanta 'yan Adam da masu zama a ƙarƙashin tekun iska.

Bafaranshe Faskal ya ga cewa idan nauyin iska ne, to a kan dutse dole zaibar ta sauka. A watan Satumba na 1648 surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme da ke tsakiyar Faransa da irin wannan bututu, zaibar ta sauka da kusan santimita 8. Sunan Faskal ne aka sa wa ma'aunin da masu hasashen yanayi ke amfani da shi har yau. A shekarun 1650 kuma magajin garin Magdeburg na Jamus ya haɗa bakin wasu manyan kwanoni biyu na tagulla, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawakai 8 a kowane gefe suka ja, kwanonin suka ƙi rabuwa. Da aka buɗe wa iska hanya, suka rabu da kansu.

Hunturu da damina ma daga nan suke. Iska tana tafiya daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Idan Sahara ta ɗau zafin bazara matsinta ya faɗi, iska mai laima ta taso daga tekun kudu ta biyo ta kanmu da hadari. Da sanyi lamarin ya juya, busasshiyar iska ta sauko daga arewa maso gabas da ƙura.

Abin da ya shafi mai lambu a gulbi

Yanzu mu koma kan dattijon nan da injinsa. Daga Madarunfa zuwa Jiratawa, Safo da Tibiri, noman rani ya dogara da ruwan da ke ƙarƙashin fadama. Da yawa suna ɗora injin ban ruwa mai shan fetur a bakin rijiya, su zura tiyo ƙasa. Bayan damina ruwa yana kusa, inji yana ba da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rani na nisa ruwan ƙasa na sauka. Wata rana inji zai tashi, ya yi ƙara, ya sha mai, ruwa ya fito tsirit ko ya ƙi fitowa. Mai lambu ya ce inji ya tsufa, ya kai wa mai gyara, ko ya ci bashi ya sayo babba. Ya kawo babban, shi ma ya ƙi.

Injin ba shi da laifi. Aikinsa kawai rage matsi a cikin tiyo, kamar bakin wanzami a kan ƙaho. Mai ɗaga ruwan ita ce iskar da ke danne ruwan rijiya, kuma iyakar ƙarfinta a Maraɗi bai cika mita 10 ba, ko da injin zai kwashe iskar tiyo ƙaƙaf. Babu injin da ke yin haka. Ga gogayyar ruwa da jikin tiyo, ga zafin ruwan da ke sa shi fara tururi idan matsi ya faɗi sosai. A aikace, daga mita 7 zuwa 8 injin da ke zaune a sama ya gama nasa. Ƙarin ƙarfin inji yana iya ƙara yawan ruwa da nisan da za a tura shi bayan ya hau, amma ba ya ƙara ko taki ɗaya a zurfin da za a zuƙo shi. Wannan shi ne abin da nake so kowane mai lambu ya ji kafin ya sayar da akuyarsa.

Saboda haka kafin a taɓa aljihu, a ɗaura dutse a igiya a auna tazarar da ke tsakanin mazaunin inji da fuskar ruwa. A auna ta a miƙe, daga sama zuwa ƙasa, domin tsawon tiyo ba shi ne ma'auni ba. A kuma sake aunawa bayan inji ya yi aiki na ɗan lokaci, don ruwan rijiya yana ja da baya yayin da ake ɗiba. Idan tazarar ba ta kai mita 6 ba kuma ruwa ya ƙi hawa, a nemi inda iska ke shiga: tsagewa a tiyo, mahaɗar da ba ta ɗauru ba, ko marufin bakin tiyo na ƙasa da ya daina hana ruwa komawa. Huda mai girman allura tana yi wa inji abin da ɗaga yatsa ya yi wa kofin roba. Dalilin ɗura wa inji ruwa kafin a tashe shi ke nan, a kori iskar da ke ciki.

Idan kuwa ruwa ya wuce mita 7 ko 8, hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda masu lambu suka gano da kansu: a haƙa rami a sauko da injin kusa da ruwa. Lissafinta daidai ne, kowace mita da aka sauko an ci ribarta. Sai dai tana da haɗari babba. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da guba marar wari marar launi, kuma a cikin rami ba ta samun hanyar watsewa. Mutum na iya sauka don ya duba inji, jiri ya kwashe shi, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Kada kowa ya shiga rami inji na aiki ko ya gama aiki yanzu-yanzu, kada a tura yaro, kuma a jawo bututun hayaƙi har waje.

Hanya ta biyu ita ce famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, mai aiki da lantarki ko hasken rana. Shi daga ƙasa yake turo ruwa, bai jira iska ta ɗaga masa ba, don haka iyakar mita 10 ba ta shafe shi ba. Famfon hannu na foraj da ke ƙauyukanmu haka yake: abin da ake bugawa yana sama, amma abin da ke tura ruwan yana can ƙasa cikin ruwa, shi ya sa yake kawo ruwa daga mita 30 ko 40. Kuɗinsa na farko ya fi na injin fetur, kuma ba kowa ke iya ɗaukarsa shi kaɗai ba, shi ya sa maƙwabtan lambu kan haɗa hannu a kan guda ɗaya.

Da muka kai nan a hirar, dattijon ya yi shiru, sannan ya juya wurin yaron ya ce, "Gobe da safe ka zo da igiya, mu je mu auna tawa."